Kalmar “Ascension” a Rubuce-rubucen Ingilishi Kan Mi'iraji: Sharhi da Suka

A birnin Ƙudus akwai gine-gine guda biyu da kwari ɗaya kacal ya raba su. Na farko yana kan Dutsen Zaitun, ƙaramin ɗaki ne mai kusurwa takwas da ƙubba a samansa, wanda Kiristoci suka yi imanin cewa daga nan Almasihu ya bar duniya. Tun zamanin Salahuddin Al'ayyubi wurin yake hannun hukumar waƙafi ta Musulmi, ko da yake ana barin Kiristoci su yi ibadarsu a farfajiyarsa ranar idin da suke tunawa da wannan al'amari. Na biyun yana cikin harabar Masallacin Aƙsa, arewa maso yamma da Ƙubbatus Sahra, kuma rubutun da ke jikinsa yana ɗauke da shekarar 597 bayan Hijira. Balaraben Ƙudus, Musulmi ne ko Kirista, ba ya rikita sunayensu: na farko wurin “su'udu” ne, na biyu kuwa Ƙubbatul Mi'iraji. Amma baƙon da ya riƙe taswirar Ingilishi zai tarar an rubuta “Chapel of the Ascension” a kan wancan, an kuma rubuta “Dome of the Ascension” a kan wannan, tamkar dai abu guda ne ya faru sau biyu ga mutane biyu.

Wannan maƙala ta duba kalmar nan ta “ascension” da danginta, wato “ascend”, “ascent” da “ascendant”, domin a ga irin kayan da take ɗauke da su tun kafin a ɗora ta a kan Mi'iraji. Dalilin kuwa a bayyane yake. Ɗalibin ilimin addini a jami'o'in Nijeriya da Gana yakan karanta sira da tafsiri cikin Ingilishi fiye da yadda malaman zaure suke zato, sa'an nan ya juyo da abin da ya karanta zuwa Hausa a wajen wa'azi, ko a shirin rediyo, ko a kundin digirinsa. Kalmar da ya ɗauko ba ta isowa hannunsa a wanke.

Asalin kalmar da gidan da ta girma

Daga Latin kalmar ta fito. Aikatau ɗin “ascendere” haɗi ne na “ad”, mai nuna fuskantar wani wuri, da “scandere”, wato hawa da ƙafa, taki bayan taki. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14 ta hanyar tsohon Faransanci da Latin na coci, kuma ma'anarta ta farko a bakin mutanen Ingila ita ce tafiyar Almasihu sama kwana arba'in bayan abin da Kiristoci suke kira tashinsa daga matattu. Har yau idan aka rubuta ta da babban baƙi ba tare da an jingina ta ga kowa ba, wannan ake nufi. Ranar idin Alhamis ce koyaushe, domin ita ce ta arba'in daga Lahadin Ista. Tsibirin nan da ke kudancin Tekun Atilantika ma da ita aka raɗa masa suna, saboda jiragen Fotugal sun iso shi a wannan ranar a shekarar 1503.

Abin lura shi ne, littattafan Kiristoci na farko ba su tsaya kan wannan kalma ba. A ƙarshen Linjilar Markus da farkon Ayyukan Manzanni, aikatau ɗin Girkanci da aka yi amfani da shi wanda aka sakaya mai aikata shi ne, ma'anarsa an ɗauke shi, kuma tarjamar Latin ta bi wannan da “assumptus”. Cocin Girkawa har yanzu sunan idin a wurinsu daga wannan tushe na ɗaukewa yake. Lafazin da ke mai da Almasihu mai hawa da kansa ya fi fitowa a Linjilar Yohanna da wasiƙar Afisawa, kuma shi ne ya samu gindin zama a matanin aƙidar da taron Nikiya ya tsara a shekarar 325, wanda taron Kustantiniya na 381 ya ƙara masa zancen zama a hannun dama na Uba. Daga nan malaman cocin Yamma suka gina bambanci mai kaifi. Thomas Aquinas, wanda ya mutu a 1274, ya ware mas'ala guda a babban littafinsa na tauhidin Kirista yana tambaya ko Almasihu da ikon kansa ya hau, ya kuma amsa da cewa haka ne. Saboda wannan ne cocin Katolika bai yarda a ce “ascension” ga Nana Maryamu ba. Ita “assumption” ake ce wa nata, domin a aƙidarsu halitta ce da aka ɗauka, kuma Fafaroma Pius na 12 ya mai da wannan wajibin imani a kan mabiyansa a 1950.

Ke nan kalmar ta girma da siffofi uku. Mai hawan shi ne mai iko da hawansa. Hawan shi ne ƙarshen zamansa a duniya. Maƙurar hawan kuwa ita ce zama a kan gadon mulki tare da Ubangiji. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da ya dace da abin da ya faru ga Manzon Allah (SAW) a daren Mi'iraji.

Akwai reshe na biyu da ya kamata a ambata, domin a cikinsa Larabci ne ya ba Turai rance. Lokacin da aka juya littattafan falaki na Musulmi zuwa Latin, an fassara “maɗali'u” da “ascensiones”, aka fassara “ɗali'i”, wato burjin da ke ɓullowa daga gabas a wata sa'a, da “ascendens”. Geoffrey Chaucer ya yi amfani da kalmar a wannan ma'ana a ɗan littafin da ya rubuta wa ɗansa kan usɗurlabi wajen 1391, wanda ya dogara a cikinsa da wani aiki da ake jinginawa Masha'allahu, masanin taurari na zamanin Abbasiyawa. Daga wannan reshe ne masana sararin samaniya suka gaji “right ascension”, 'yan siyasa kuma suka gaji “ascendancy” da ma'anar rinjaye, ba tare da sun san cewa lafazin masu duba suke maimaitawa ba. Sauran amfanin na baya-bayan nan ba sa buƙatar dogon bayani, in ban da guda ɗaya. Mabiya Baha'iyya suna kiran mutuwar Baha'ullahi, wadda ta auku kusa da Akka a 1892, da “Ascension”. A nan kalmar ta zama sakaya ce ta mutuwa. Mai karatun da ya saba da wannan, ko ya saba da idin Kirista, idan ya ga an ce Annabin Musulunci ya yi “ascension” daga Ƙudus, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka a can rayuwarsa ta ƙare, alhali bayan wannan dare ya yi Hijira, ya kafa al'umma, ya rayu shekaru goma a Madina, kuma a can kabarinsa yake.

Abin da Larabci ya rarrabe

Alƙur'ani ya yi amfani da tushe huɗu a kan motsi zuwa sama, kowanne da muhallinsa. Akwai “uruju”, wanda aka jingina wa mala'iku da Ruhu a Suratul Ma'arij, aka jingina wa al'amari a Suratus Sajda aya ta 5, aka kuma ambace shi a Saba'i da Hadid game da abin da ke hawa cikin sama. Akwai “su'udu”, wanda aka jingina wa kyakkyawar kalma a Suratu Faɗir aya ta 10, amma a wasu wurare yana tafe da wahala: ƙuncin ƙirjin ɓatacce a An'am aya ta 125 an kamanta shi da na mai ƙoƙarin hawa sama, kuma azabar da aka yi wa mai taurin kai alkawari a Muddassir daga wannan tushe aka ciro sunanta. Akwai “ruƙiyyu”, wanda za a dawo kansa. Sai “raf'u”, wanda shi kaɗai ne a cikinsu mai wucewa zuwa ga abin aikatawa da kansa, wato dole a samu mai ɗagawa da abin da aka ɗaga. Shi aka yi amfani da shi ga Annabi Isa (AS) a Ali Imrana aya ta 55 da Nisa'i aya ta 158, da Annabi Idrisu (AS) a Maryam aya ta 57. Kiristocin Larabawa da kansu sun kiyaye wannan rarrabewa ta fuskarsu: idin Almasihu “su'udu” suke ce masa, na Nana Maryamu kuwa “intiƙali”.

Kalmar “mi'iraji” a tilo ba ta zo a Alƙur'ani ba. Jam'inta ne ya zo sau biyu, a Ma'arij aya ta 3 da Zukhruf aya ta 33, kuma a ta biyun matakalar gida ake nufi ƙarara. A ilimin sarfu kalmar sunan kayan aiki ce, awonta ɗaya da “miftahu” da “mizani”. Kamar yadda miftahu yake abin buɗewa, haka mi'iraji yake abin hawa, wato tsani. Ibn Ishaƙ ya kawo ruwaya daga Abu Sa'idil Khudri cewa bayan an gama abin da aka yi a Baitul Maƙdis an kawo wa Annabi (SAW) mi'irajin ne, ya siffanta kyansa, kuma abokin tafiyarsa ne ya hawar da shi a kansa. Alfred Guillaume, da ya fassara wannan sira a 1955, ya sa “ladder” a wannan gurbi, kuma ya dace.

Abin mamaki shi ne Turawan tsakiyar zamani sun fi na baya kusa da daidai a nan. A fadar Sarki Alfonso na 10 na Kastila wani likita Bayahude mai suna Abraham ya juya wani littafin Mi'iraji daga Larabci zuwa harshen ƙasar, Bonaventura mutumin Siena kuma ya juya shi zuwa Latin da Faransanci wajen 1264. Sunan da littafin ya shahara da shi “Liber Scalae”, littafin tsani. Shi ne wanda Enrico Cerulli ya buga a 1949, ya sake tayar da muhawarar da Miguel Asín Palacios ya soma a 1919 kan ko Dante ya amfana da labarin Mi'iraji. Masu wannan tarjama ba masoyan Musulunci ba ne, kuma ruwayar da suka juya cike take da ƙare-ƙaren masu ƙissa. Duk da haka ba su ga dalilin ba wa Annabin wani addini kalmar da suka keɓe wa wanda suke bauta wa ba, sai suka fassara lafazin yadda yake. Kalmar “scala” ma daga “scandere” ta fito, uwa ɗaya da “ascension”. Ɗaya ta riƙe matakalar, ɗayar ta yar da ita.

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan, domin wasu marubuta Musulmi sun zaƙe. Sun ga cewa tushen ainun, ra'un, jimun yana ɗauke da ma'anar karkata, kamar yadda Ibn Faris ya ambata, kuma daga gare shi aka samu “a'araju”, gurgu, sai suka ce Alƙur'ani ya riga kimiyya sanar da cewa tafiya a sararin samaniya a lanƙwashe take. Ibn Faris ɗin da suka dogara da shi ya lissafa karkata da hawa a matsayin asali biyu daban, bai cusa ɗaya cikin ɗaya ba. Haka kuma wanda ya ce hadisan Mi'iraji ba su taɓa amfani da “su'udu” ba, bai duba Sahihul Bukhari da kyau ba: a ruwayar Malik ɗan Sa'asa'a lafazin ya maimaitu daga sama zuwa sama. Inda hujjar take shi ne harafin ba'un da ke biye da aikatau ɗin. Ko “araja” aka ce ko “sa'ida”, sai an ƙara “bi”, wato Jibrilu (AS) ne ya hau da shi, ko kuma a sakaya mai aikin a ce an hau da shi. Wannan ba'un shi ne wanda ya zo a ayar farko ta Suratul Isra'i, inda Allah Maɗaukaki ya jingina tafiyar daren ga Kansa, ya kuma kira wanda aka yi tafiyar da shi bawa. A ƙofar kowace sama sai da aka nemi izini, aka tambayi wane ne, wa ke tare da shi, kuma ko an aika a zo da shi. Mai hawa da ikon kansa ba a tsayar da shi a yi masa wannan tambaya sau bakwai.

Sa'an nan ga dawowa. Rabin labarin Mi'iraji saukowa ne. Kai-komon da aka yi tsakanin Annabi Musa (AS) da wurin ganawa, har salla ta dawo biyar daga hamsin, a hanyar saukowa ya faru. Muslim ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa an ba shi abubuwa uku: salloli biyar, da ayoyin ƙarshen Baƙara, da gafara ga wanda bai yi shirka ba daga al'ummarsa. Dukkansu guzuri ne na mutanen ƙasa. Da gari ya waye yana Makka, Ƙuraishawa suna yi masa tambaya kan siffar Baitul Maƙdis da labarin ayarinsu. Kalmar da a gidansu take nufin rabuwa da duniya ba za ta iya ɗaukar wannan rabin ba.

Uzurin da za a iya kawo mata

Adalci ya sa a faɗi cewa masu nazarin addinai a Turai suna da amfani na daban da suke yi wa kalmar. Akwai tsohon littafin nan da suke kira “Ascension of Isaiah”, wanda cikakken matani nasa ya tsira a harshen Ge'ez na Habasha. A cikinsa mala'ika ne yake jagorantar Annabi Ishaya ta sammai bakwai, kuma yana dawowa ya ba da labari. Wanda ya saba da irin waɗannan littattafai zai ce “ascension” a wurinsa suna ne na wani nau'in labari, babu ruwansa da aƙidar Nikiya. Da wannan ma'ana A. A. Bevan ya yi amfani da ita a maƙalarsa ta 1914, haka Geo Widengren a littattafansa biyu na 1950 da 1955, haka ma Frederick Colby a nazarinsa na 2008 kan ruwayar da ake jinginawa Ibn Abbas.

Uzurin ya karɓu, amma ya buɗe wata ƙofa. Da zarar an sanya suna ɗaya a kan labarai da yawa, an riga an yanke rabin hukuncin cewa jinsinsu ɗaya. Widengren ya karanta Mi'iraji a matsayin gadon tsohuwar al'adar sarakunan Gabas ta Tsakiya, inda sarki ke hawa sama a naɗa shi a ba shi littafi. Kalmar ce ta share masa hanya, domin a Ingilishi hawa sama da hawa gadon sarauta lafazinsu ɗaya. Wanda ya fara daga ruwayoyin Bukhari da Muslim zai tarar babu naɗi a cikinsu. An riga an aiko shi fiye da shekaru goma kafin wannan dare, Alƙur'ani kuma ya ci gaba da sauka a rarrabe bayansa. Colby ya fi taka-tsantsan, kuma aikinsa na bin diddigin yadda ruwayar ta yi ta kumbura a hannun masu ƙissa yana da amfani ga ɗalibin hadisi. Sai dai shi ma ya gaji kalmar ba tare da ya ga buƙatar wanke ta ba.

Annabi Isa da Al'arshi

Inda rikicin ya fi tsanani shi ne ayar Nisa'i ta 158. Marmaduke Pickthall a 1930 ya zaɓi “took up”, Abdullah Yusuf Ali a tarjamarsa da ta fara fitowa a 1934 ya zaɓi “raised up”, dukkansu sun bar aikin a hannun Allah, sun kuma bar ƙofar ɗaukewa ta jiki a buɗe. Muhammad Ali na Lahore, a tarjamarsa ta 1917, ya zaɓi “exalted”, wato ɗaukaka daraja kawai, domin aƙidar Ahmadiyya ita ce Annabi Isa ya rasu kuma kabarinsa yana Srinagar. Wannan muhawara ta iso Legas da Ingilishi tun zuwan Abdur Rahim Nayyar a 1921. Muhammad Asad, wanda ba Ba'ahmadiye ba ne, shi ma “exalted” ya sa a tarjamarsa da ta kammala a 1980, yana kafa hujja da cewa duk inda aka jingina wa Allah ɗaga ɗan Adam girmamawa ake nufi. Jamhurin malaman Sunna sun amsa da cewa an kawo ɗagawar ne a matsayin kishiyar kisa da tsirewa, girmamawa kuwa ba ta kore kisa, tun da an kashe annabawa masu daraja. Sun ƙara da hadisan saukowarsa da ke cikin Bukhari da Muslim.

Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne yadda Musulmi masu kare ra'ayin jamhuri da Ingilishi suke cewa sun yi imani da “ascension of Jesus”. Da wannan lafazi sun gudu daga tarko ɗaya sun faɗa wani. Kirista mai sauraro zai ji sun amince da abin da ke cikin matanin aƙidarsa, wanda a cikinsa hawan ya biyo bayan tsirewa da mutuwa da tashi, alhali ayar da suke karewa ta zo ne domin ta kore tsirewar. Da za a bi ƙa'idar cocin Yamma kanta, abin da Musulmi ya yi imani da shi game da Annabi Isa “assumption” ya fi kama da shi, tun da bawa ne aka ɗauke.

Akwai kuma ayoyin “istiwa'i”. George Sale a 1734 ya fassara lafazin a A'araf aya ta 54 da “ascended”, N. J. Dawood kuma ya bi shi a 1956. Za a iya cewa suna da madogara, domin Bukhari ya kawo daga Mujahid fassarar lafazin da “ala”, daga Abul Aliya kuma da “irtafa'a”. Matsalar ita ce a Ingilishi idan aka haɗa “ascend” da “throne” an samu salon magana mai ma'ana guda tak: fara sarauta. Ana faɗinsa ga wanda jiya yarima ne yau ya zama sarki. Babu wata mazhabar aƙida a Musulunci, ko mai tawili ko mai barin lafazi a kan zahirinsa, da za ta yarda cewa mulkin Allah yana da ranar farawa. Amsar da Imamu Malik ya ba mai tambaya, wadda almajiran Risala suka hardace, ta tabbatar da sanin lafazin ta kuma toshe bincike kan yanayinsa. Tarjamar Sale ta ba da yanayin, kuma yanayin fadar Ingila ne. Malaman tafsiri a ƙasar Hausa da suka saba cewa “daidaita” sun tsira daga wannan, ko da yake da wani zai ce “ya hau gado” da ya faɗa ramin da Sale ya faɗa, domin Hausa ma tana da wannan salon maganar da wannan ma'anar.

Inda Hausa ta shigo

Bahaushe bai fassara Mi'iraji ba, ya are shi ne yadda yake, tare da Isra'i. Ya san shi daga karatun Ashafa a watan azumi, inda Alƙali Iyal ya jera ra'ayoyi uku, ya kuma rinjayar da na mafi yawan magabata cewa da jiki aka yi tafiyar kuma a farke. Ya san shi daga Burda da Ishiriniya. Sai a 'yan shekarun nan ne ake jin “hawan Annabi zuwa sama” a bakin waɗanda suka fara sanin labarin da Ingilishi, ko suke fassara takardar da aka rubuta da shi.

“Hawa” a Hausa aikin mai hawa ne. Ana hawan doki, da dutse, da bishiya, sarki yana hawan Salla, farashi ma yana hawa. A duk waɗannan babu mai ɗaukar wani. Wanda ya ce “Annabi ya hau sama” ya kwafi ginin jimlar Ingilishi, ya zubar da ba'un ɗin Larabci, alhali Hausa tana da madadinsa a shirye. “Aka hau da shi” daidai yake da lafazin hadisin, harafi da harafi, kuma “ya sauko da salla” yana ɗauke da juyowa zuwa inda mai magana yake, wanda wasalin ƙarshe kaɗai ya wadatar a nuna shi. A wannan gaɓa Hausa ta fi Ingilishi kusa da Larabci, don haka bin Ingilishi a nan asara ce tsantsa.

Game da “raf'u” kuwa Hausa tana da tata tangarɗar. “Ɗaukaka” ta karkata ga daraja, ta kusanci zaɓin Muhammad Ali da Asad ko da mai faɗinta bai nufa ba. “Ɗauke” ta fi nuna cirewa daga wuri, amma Bahaushe yana cewa Allah ya ɗauki ran wane, saboda haka tana iya jawo tunanin mutuwa idan ba a ƙara “zuwa gare Shi” da bayanin cewa da ransa aka ɗauke shi ba. Mai tarjama ba shi da mafita sai ya zaɓi ɗaya ya cike giɓin da sharhi.

Gwajin da ya fi fito da al'amarin fili yana cikin Suratul Isra'i kanta. A ayoyi na 90 zuwa 93 Ƙuraishawa sun jera sharuɗɗan da za su sa su yi imani, na ƙarshensu shi ne ya hau sama da kansa ya sauko musu da littafin da za su karanta, kuma lafazin da aka yi amfani da shi daga “ruƙiyyu” yake. Aka umarce shi ya tsarkake Ubangijinsa ya ce shi mutum ne Manzo. Pickthall ya fassara wannan buƙata tasu da “ascend”. Mai karatun Ingilishi sai ya ga surar da aka ce masa farkonta yana da alaƙa da “Ascension” ita ce kuma a aya ta 93 take nuna Annabi bai amsa buƙatar “ascend” ba, kuma masu jayayya da Musulunci sun daɗe suna nuna wannan a matsayin tufka da warwara. A Larabci babu inda ayoyin suka ci karo. Abin da aka nema a ta 93 shi ne ya hau, da zaɓinsa, a lokacin da abokan gaba suka ga dama, su kuma suna kallo. Abin da aka tabbatar a ta farko da hadisan da ke bayaninta shi ne an tafi da shi, da dare, a lokacin da Ubangijinsa ya so. Malamin da ya fassara ta 93 da “ka hau sama”, ya kuma ce a labarin Mi'iraji “aka hau da shi”, ɗalibinsa ba zai ma ga wurin da tambayar za ta shigo ba. Wanda kuwa ya sa “ya hau” a wuraren biyu ya shigo wa Hausa da shubuhar da aka ƙera a wani harshe, sa'an nan zai bi dogon bayani kafin ya fitar da ita daga zukatan masu sauraronsa.